Motar Aro Da Ba Ta Da Ramin Makulli

Duk wanda ya san harkar fim ɗin Hausa ya san rabin abin da ake gani a allo na aro ne. Katafaren gidan nan mai fulawoyi da ake nuna jarumi yana fitowa daga ciki, na wani ne. Falon da Hajiya ke zaune tana kaɗa ƙafa, awa uku aka ba su, kuma da sharaɗin kada a taɓa labule. Mota kuwa ba a magana. Tun zamanin kaset, lokacin da ake rububin Sangaya da Wasila wajen shekarar 2000, har zuwa yau da ake yayin finafinai masu dogon zango a YouTube, furodusa bai daina bin gidajen masu hali yana roƙon aron mota ba. Su kuma masu halin suna bayarwa, wani don zumunci, wani don kuɗi, wani kawai don ya ga motarsa a fim ya nuna wa iyali.

Wanda ake aikawa ya ɗauko motar shi ne ba a taɓa ganinsa a fasta. A wani kamfanin fim a Kano, wani matashi ne ɗan shekara 24 yake wannan aiki. Shi ne mai sayo abincin lokeshin, shi ne mai jan janareto, shi ne mai rarrashin 'yan unguwa su yi shiru idan an ce "akshin". Burinsa ɗaya, wata rana a ce ya tsaya a gaban kyamara. Shekara uku yana jira. Abin da ya riƙe shi a kamfanin, ya kuma sa maigidansa ba ya iya rabuwa da shi, shi ne tuƙi. Mahaifinsa tsohon direban haya ne da ya yi shekaru yana jigilar Kano zuwa Katsina da Fijo 504, kuma a kan cinyarsa yaron ya fara riƙe sitiyari. Ya iya ta da mota da turi, ya san mota idan tana shan mai, ya san kukan kik idan batir ya yi sanyi. Abokan aikinsa ma ɗan direba suke ce masa, shi kuma yana jin daɗin sunan.

Ranar da abin ya faru, an shirya ɗaukar wasu fitowa guda shida a bakin dam ɗin Tiga, kuma biyar daga ciki da mota a cikinsu. Jarumin ɗan mai kuɗi zai fito, don haka furodusa ya yi sati biyu yana sintiri gidan wani Alhaji a Nasarawa kafin a yarda a ba su wata baƙar mota ƙirar Japan, irin wadda dillalan mota ke kira tom-sitat, wato wadda ake tayarwa da babban yatsa.

Ƙarfe bakwai na safe yaron ya isa. Ya durƙusa ya gai da Alhaji, wanda ke shirin tafiya Zariya a wata motar. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ba a cin abinci a ciki, ba a shan taba a ciki. Ka iya ta kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ai a cikin mota aka haife ni."

Wannan amsa ita ce mafarin komai. Da ya ce bai taɓa tuƙa irinta ba, da minti biyu sun isa a nuna masa. To amma wane saurayi ne zai faɗi haka a gaban mai mota? Direban gidan, wani dattijo mai furfura a gemu, ya riga ya ta da ita ya fito da ita bakin get tana ɗumi. Ya sauko, yaron ya shiga, ya ja ƙofa. Motar ta yi ƙara sau uku, ƙit ƙit ƙit, wani rubutu ya bayyana a gaban sitiyari. Yaron ya ɗauka bel take nema, ya ɗaura, ya ƙure rediyo, ya ɗauki hanyar Zariya. Dattijo kuma ya juya ya shiga ɗaya motar, rimot ɗin yana cikin aljihun kaftaninsa.

Nan ne fa mutane da yawa ba su gane ba. Irin wannan mota, makullinta ba ya shiga ko'ina. Ɗan rimot ɗin da ke aljihu da motar hira suke yi ta iska. Akwai 'yan ƙananan eriya a ɓoye a cikin ɗakin motar da jikin ƙofofi, su ne ke aika tambaya, rimot ya ba da amsa da lambar sirri. Idan kwamfutar motar ta ji amsar daidai, ta kuma tabbatar rimot ɗin yana ciki, sai ta saki sitiyari ta yarda a ta da inji. Amma tambayar nan da muhimmanci a lokacin tayarwa take. Da zarar inji ya tashi, ko rimot ya bar motar, ba za ta mutu ba. Za ta yi kuka, za ta rubuta gargaɗi, ta ci gaba da tafiya. Da gangan aka yi ta haka, domin mota ta mutu da kanta a tsakiyar titi tana gudu ya fi haɗari. Sai ranar da ka kashe ta da hannunka za ka san inda aka kwana.

Haka ɗan direba ya wuce Kura yana bin waƙa, esi na busa shi, yana ji a ransa yau shi ne jarumin. Da ya isa Tiga ya yi fakin a gaban 'yan lokeshin, ya sa giya a P, ya kai hannu gefen sitiyari zai murɗe makulli, sai ya damƙi iska. Ya laluba, ba komai. Can ya hangi wani maɓalli zagayayye mai haske, ya danna, inji ya yi shiru. Ya fito yana murmushi, ana ta kewaya mota ana "kai, wannan ta haɗu!"

Ƙarfe tara da rabi darakta ya ce a gyara mata tsayuwa ta fuskanci ruwa. Yaron ya shiga ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Rubutun nan na ɗazu ya dawo, yanzu kuma ya tsaya ya karanta: motar na cewa ba ta ga makulli ba. Ya zazzage aljihunsa, ya duba ƙarƙashin kujera, ya ɗaga kafet. Gumi ya karyo masa.

"Ɗan direba, ina makullin?"

"Oga... ba a ba ni ba."

"Ba a ba ka ba? To da me ka zo da ita, da addu'a?"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Jarumar fim ɗin rana ɗaya tak ta bayar, washegari tana da wani aikin a Kaduna. An biya kuɗin kyamara, an biya motar da ta kwaso ma'aikata, an dafa abincin mutum ashirin. Kuɗin da furodusa ke kashewa kuwa rance ne. Idan rana ta faɗi ba a ɗauki fitowar nan ba, sai an sake tara mutanen nan duka, wanda a harkar fim yana iya cin wata guda.

Samari suka ce a tura ta. To mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, balle wannan da giyarta ta kulle a P, sitiyari ma ya ƙi juyawa. Ko gilashi ba a iya saukewa ba. Aka ɗauko wani mai wayarin daga cikin gari, ya zo da sukundireba da filaya, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce shi dai a ba shi minti goma ya haɗa waya biyu. Darakta har ya fara cewa a bar shi ya gwada. A nan ne yaron ya yi abin da ya fi komai kyau a wannan rana: ya tsaya a bakin ƙofar motar ya ce wallahi ba mai taɓa wayar motar mutane, sai dai a kore shi daga aiki. Kuma gaskiyarsa ce. Haɗa waya dabarar tsofaffin motoci ce. Wannan kuwa ko an samu kik ya juya, kwamfuta ba za ta bar inji ya kama ba sai ta ji lambar rimot, a ƙarshe a tashi da yankakkun wayoyi da bashin da ya fi kuɗin fim ɗin.

Abin mamaki, maɓallin ta da mota tsohon abu ne da ya dawo. Motocin farko da ƙarfe ake zura musu ta gaba a juya da hannu, ƙarfen da ya karya hannun mutane ba adadi. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da kik mai aiki da lantarki, kuma shekaru da yawa bayan nan maɓalli ake dannawa, wani a gaban direba, wani a ƙasa a taka da ƙafa. Sai a 1949 Chrysler ya yayata murɗa makulli ya ta da inji kai tsaye, duniya ta bi. A ƙarshen shekarun 1990 Mercedes-Benz ta dawo da maɓalli a manyan motocinta na S-Class, wannan karon da makullin da ke zama a aljihu, Renault ta biyo baya da Laguna mai makulli kamar katin banki. Yanzu har ƙananan motoci 'yan Kwatano suna zuwa da shi.

Yaron ya koma gefe ya kira dattijon direba. Sai da wayar ta yi ƙara sau uku aka ɗauka.

"Baba, makullin motar nan..."

Shiru na ɗan lokaci, sai aka ji salati. Dattijo ya shafa aljihu ya ji shi. Akwai wani rimot ɗin a wurin Hajiya a gida, amma karɓo shi yana nufin Alhaji ya ji labari, shi kuma dattijo shekara goma sha ɗaya yana cin abinci a gidan. "Ɗana, ka rufa min asiri in rufa maka," ya ce. Alhaji na cikin taro, don haka ya lallaɓa tasha ya ba wani direban haya mai zuwa Kano rimot ɗin a ƙulle cikin leda, aka yi da shi zai miƙa a Kwanar Ɗangora. Ɗan direba ya hau bayan babur ya tafi tarya, da kuɗin aljihunsa.

A bayansa darakta bai zauna ba. Ya ɗauki duk fitowar da mota ke tsaye, jarumi na ciki sanye da kwat, gilashi a rufe, ba esi, rana tsaka. Mai kwalliya ta gaji da goge masa fuska. Masu kallo da suka yaba yadda ya yi gumi a wurin da budurwarsa ke tuhumarsa, su sani gumin nan na gaske ne.

Bayan la'asar yaron ya dawo fuska duk ƙura. Ya shiga da rimot a hannu, kowa ya zuba ido. Ya danna maɓalli: rediyo ta kama. Ya sake dannawa: fitilun gaban sitiyari suka haskaka gaba ɗaya, fanka ta fara busawa, inji shiru. Ya danna na uku: komai ya mutu. Wani daga baya ya ce, "Shi ke nan, ta yi fushi." Hannunsa na rawa ya sake kiran dattijo.

"Ka taka birki?"

"Birki kuma, Baba? Ai a tsaye take."

"Taka birki sosai, ka riƙe, sannan ka danna sau ɗaya. Kada ka taɓa totur."

Ya taka, ya danna, ya saki. Inji ya tashi da wani siririn sauti kamar kyanwa na minshari. Lokeshin ya kaure da tafi kamar an ci ƙwallo. Ashe dannawa ba tare da birki ba daidai take da murɗa tsohon makulli mataki ɗaya, sannan mataki biyu, ba a kai ga kik ba. Mai giyar hannu kuma kuloci ake takawa.

Saura fitowa biyu, rana na shirin faɗuwa, sai wata matsalar ta ɓullo daga cikin labarin kansa. Marubuci ya rubuta cewa jaruma, cikin fushi, za ta miƙa hannu ta zare makulli, mota ta mutu, ta fice. Wannan fitowa an yi ta a finafinan Hausa ba iyaka, kowa ya san ta. To yau ina makullin da za a zare? Darakta ya tsaya yana kallon yaron, can ya yi dariya ya ce a ba jaruma rimot ɗin. Aka ɗauka haka: ta fizge shi daga inda ake ajiye kofi, ta fita ta buga ƙofa, mota ta yi kukan nan sau uku, ta tafi abinta. Shi kuma jarumi ya rage a cikin mota mai rai, yana iya tafiya duk inda ya so, amma duk inda ya kashe ta nan zai kwana. Wahalar wuni guda ta zama fitowar da ta fi kowacce daɗi a fim ɗin. Darakta na ƙwarai kenan.

Kafin a tashi, jarumi ya buɗe ƙofa zai sauko a gangaren bakin ruwa bai mayar da giya P ba, motar ta fara silalewa, sai da aka yi masa ihu ya taka birki. Tsohon makulli yana da wata kariya da ba a lura da ita: a motar otomatik ba ya zaruwa sai giya na P, don haka hannunka ma zai tuna maka. Maɓalli ya ɗauke wannan. Masu kallon finafinan Amurka za su tuna Anton Yelchin, matashin jarumin nan na Star Trek, wanda a watan Yuni na 2016 motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi da get ɗin gidansa a Los Angeles, ya mutu yana ɗan shekara 27. A tasa motar, sandar giyar ce mai rikitarwa, har kamfanin ya riga ya yi kiran a dawo da irinsu a gyara, amma asalin abin ɗaya ne: mutum ya sauka yana zaton mota na P. Haka a watan Agusta na 2009, kusa da San Diego, wani ɗan sandan hanya da iyalansa uku suka mutu a cikin Lexus ES 350 ta aro, bayan kafet ya danne totur. Irin wannan motar idan tana gudu, dannawa sau ɗaya ba ya kashe ta, sai an danne maɓallin an riƙe daƙiƙa uku. Wanda aka ara wa mota da safe, wa ya gaya masa wannan?

Sha ɗaya na dare suka shigo Kano. Alhaji ya kwana a Zariya, dattijo ya ce a ajiye motar sai da safe. Yaron ya shigar da ita garejin gidan furodusa, wanda ƙofarsa ta ciki ke buɗewa zuwa ɗakin da samarin kamfani huɗu ke kwana. Ya sa P, ya ja hambirki, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka yana magana ya fito da rimot a aljihu. Motar ta yi kukanta sau uku. Wuni guda yana jin kukan nan, kunnensa ya saba. Janareton maƙwabta na ruri, injin motar kuma ba a jin sa. Ya ja ƙofar gareji ya rufe, ya shiga ɗaki ya zube a kan katifa ko takalmi bai cire ba.

Allah ya sa aka kawo wuta bayan kamar kwata, maƙwabta suka kashe janareto, unguwa ta yi tsit. Mai ɗaukar sauti na kamfanin, wanda sana'arsa ce jin abin da wasu ba sa ji, yana kwance a jikin bango. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya bar inji a kunne?" Aka ce masa ya kwanta, gajiya ce. Ya ƙi. Ya tashi ya tura ƙofar gareji, iska mai zafi ta bugi fuskarsa. Suka wangale ƙofofi duka, yaron ya shiga da gudu ya danna maɓalli, suka fito waje suka zauna a kan dakali. Biyu daga cikinsu kansu na sarawa. Ba wanda ya koma ɗakin sai bayan asuba.

Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da janareto a cikin gida. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne ke ƙara nauyi. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka mutu da wasu 45 da suka jikkata a Amurka tun daga 2006, duk ta hanyar motoci marasa makulli da aka manta a kunne cikin gareji. Da yawansu dattawa ne da suka shekara arba'in suna tuƙi, waɗanda a saninsu in dai makulli na hannunka to mota a kashe take. Kamfanoni da dama sun sa wa sababbin motocinsu tsarin kashe kansu idan sun daɗe a tsaye, sai dai motar da ta shekara goma kafin ta iso Kano ba lallai tana da shi ba.

Da safe ya wanke motar tas ya mayar. Dattijo ya tare shi a bakin get, ya ja shi gefe, sai a lokacin aka yi darasin da ya kamata a yi jiya. Ya danna wani ɗan maƙale a jikin rimot, siririn makullin ƙarfe ya zaro, na buɗe ƙofa idan batirin rimot ya mutu. Batirin kansa ɗan faifai ne kamar kwabo, irin na agogo, mafi yawa mai lamba 2032, kuma ana canza shi a gida. Ko ya mutu ɗungurungum, a irin wannan motar sai ka taka birki ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin ka danna, za ta tashi, wasu motocin kuma rami aka yi masa na musamman. Ya ce kada a bar shi a cikin mota, kada kuma a rataye shi kusa da ƙofar gida da dare, don akwai ɓarayin da ke da na'urar janyo saƙonsa daga nesa su yaudari mota ta ɗauka mai ita ne ya zo. Yaron bai ba shi labarin gareji ba. Shi ma dattijon bai tambayi nawa aka kashe a babur ba.

Alhaji ya dawo da hantsi, ya kewaya motar sau ɗaya, ya leƙa ciki ya shinshina.

"Ba ta ba ku matsala ba ko?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Mun gode, Allah ya ƙara arziki."

Da aka zo tace fim, edita ya ce akwai giɓi: ba a ɗauki hoton hannun jarumi yana ta da mota ba, jarumin kuma ya tafi wani aikin a Jos. Aka sake roƙon motar na rabin awa a ƙofar gidan Alhaji, aka sa wa ɗan direba hannun kwat da agogon aro. Babban yatsan nan da ya cika allo yana danna maɓalli a kashi na uku, na daƙiƙa biyu, nasa ne, kuma ita ce fitowarsa ta farko a fim. Ya kai wa mahaifinsa a waya ya nuna masa har sau huɗu. Tsohon ya gyara tabarau, ya matso da wayar kusa da ido, ya ce a sake mayar masa baya, shi bai ga inda aka sa makullin ba.